Takardar Hukuma Ta Jama'a Ce, Ma'aikaci Ajiya Aka Ba Shi

Ranar da ƙanena ya ga gidan da ya kwanta masa a rai a birnin Kolambus na jihar Ohayo a Amurka, mai gidan ya tabbatar masa babu bashin kowa a kansa. Mu da muka taso a inda ake cinikin fili da shaidar mai unguwa da dattawa biyu, sai muka hau tunanin wa za mu tambaya cikin maƙwabta. Wani abokin aikina ya ce mu huta da wannan, mu tafi ofishin gunduma. Washegari muka je. Matar da ke bayan kanta adireshin gidan kawai ta nema. Ba ta tambayi sunanmu ba, ba ta ce me za mu yi da takardun ba. Ta juyo mana da fuskar kwamfuta, ga sunan mai gidan, ga shekarar da ya saya, ga takardar jinginar da ya yi wa banki, har zuwa ranar ba a warware ta ba. Muka biya 'yan daloli kuɗin kwafi, muka fito da hujja a hannu.

Abin da ya tsaya mini a rai ba bashin da muka gano ba ne. Yadda matar nan ta ɗauki kanta ne. Ba ta yi mana kallon waɗanda suka zo neman alfarma ba, ta ɗauke mu masu kaya da suka zo duba ajiyarsu.

Gunduma a Amurka ita ce hukumar da ke ƙasa da jiha, kusan matsayin ƙaramar hukuma a wurinmu. Sun haura 3,000 a faɗin ƙasar, Ohayo kaɗai tana da 88. A nan ne takardun da suka shafi rayuwar mutum ta yau da gobe suke kwance. A Ohayo akwai ofishin da ke rajistar takardun mallakar gida da jingina, akwai wanda ke ƙiyasta darajar gida domin haraji, akwai ma'aji mai karɓar harajin, akwai magatakardan kotu mai riƙe da fayilolin shari'a, sannan kotun gado ita ke ba da lasisin aure. Rabin wahalar mai nema tana ƙarewa idan ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, domin ofishin da ba shi ke riƙe da takarda ba ba zai nemo maka ita ba.

Baƙi da yawa suna zaton dokar 'yancin samun bayanai da Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1966 ita ce makaminsu a ko'ina. Wannan doka hukumomin tarayya kaɗai ta shafa. Gunduma dokar jiharta take bi, kowace jiha kuwa da nata tsarin. A Ohayo ba dole ba ne ka faɗi sunanka ko dalilinka, ba dole ba ne ma ka rubuta buƙatarka. Kalifoniya ta ba ofishi kwana 10 ya amsa. Filorida ta shigar da wannan 'yanci cikin kundin tsarin mulkinta. Bajiniya kuma ta keɓe shi ga mazauna jihar, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta amince mata da haka a 2013.

Akwai dabarar tambaya da na koya a hankali. Takarda ake nema, ba amsa ba. Idan ka rubuta cewa a gaya maka dalilin da ya sa titin unguwarku ya lalace, babu wanda doka ta tilasta wa ya zauna ya yi maka bayani. Amma idan ka ce a ba ka kwafin kwangilar gyaran titi kaza da takardun biyan kuɗinta daga wata kaza zuwa wata kaza, ka ɗaure su. Ko inda doka ta yarda da tambayar baki, gara ka rubuta ka ajiye kwafi mai kwanan wata. In an hana ka, ka nemi a nuna maka sashen dokar da aka dogara da shi.

Ba na cewa komai lafiya lau yake a can. Ana jan ƙafa, ana shafe layuka da baƙin tawada har takarda ta rasa ma'ana. A farkon 2025 Ohayo ta yi dokar da ta ba 'yan sanda damar cajin har dala 75 a kowace awa, iyakarsa dala 750, kafin su saki bidiyon kyamarorinsu, wanda a ganina hanya ce ta korar talaka da farashi. Sannan buɗewar tana da nata ciwon: duk wanda ya ga dama zai iya sanin inda kake zaune da nawa ka sayi gidanka, abin da ke da haɗari ga matar da ta gudo daga mijin da ke dukanta. Duk da haka tushen yana nan daram. A buɗe takarda take, mai son rufewa shi zai kawo dalili.

Wannan tushe ne na rasa lokacin da mahaifinmu ya rasu, Allah Ya jiƙansa, na koma gida neman bayanin wani fili da ya bari. Sau huɗu ina zuwa sakatariyar ƙaramar hukumarmu. Zuwan farko aka ce oga ya fita. Na biyu aka ce mai makullin sito yana hutu. A na uku wani dattijon akawu ya dube ni da tausayi ya ce, “Alhaji, wa ya aiko ka?” Ba da mugunta ya faɗa ba. Nufinsa in nemo babban mutum da zai buga waya. Da aka buɗe mini siton a zuwa na huɗu, na tarar da fayiloli a ɗaure da igiya a ƙasa, gara ta ci gindinsu, ruwan damina ya manne wasu kamar an dafa su.

Abin takaici shi ne ba doka muka rasa ba. Tun ranar 28 ga Mayu, 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar 'Yancin Samun Bayanai, bayan ta shafe sama da shekara goma tana yawo a majalisa. A wasu wurare ma ta fi ta jihohin Amurka da yawa ƙarfi. Ta ce ba sai ka nuna abin da ya haɗa ka da bayanin ba. Ta ba hukuma kwana 7. Ta ce wanda bai iya rubutu ba yana iya nema ta hannun wani, kuma tambayar baki ma'aikaci ne zai mayar da ita rubutacciya. Hana bayani ba bisa ƙa'ida ba tararsa naira 500,000, lalata takarda da gangan kuwa ɗaurin aƙalla shekara guda. Jihohi sun daɗe suna fakewa da cewa dokar ta Abuja ce, har sai da Kotun Ƙoli, a shari'ar da ta taso daga Edo kan kuɗin yaƙi da ƙanjamau, ta yanke a Afrilun 2025 cewa ta hau kansu su ma.

Na san abin da za a ce. Ma'aikacin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, ofishin da babu wuta balle injin kwafi, ta ina za su amsa takarda cikin mako guda? Gaskiya ne, kuma ban ga laifin akawun nan ba. Sai dai rashin tambayar ne ya bar siton a haka. Babu ciyaman da zai ware kuɗin kabad da gyaran rufi domin fayil ɗin da ya tabbata babu mai zuwa nema. Wasu kuma za su kawo batun tsaro, alhali dokar da kanta ta ware abin da ya shafi tsaro da sirrin mutum. Kwangilar rijiyar burtsatse ba sirrin soja ba ce.

Lokacin ma ya fi kowane dacewa. A ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Mun yi murna, amma kuɗin da ya kuɓuce wa gwamna ya faɗa hannun da babu mai dubawa, sauya aljihu kawai ya yi. Ƙungiyar matasan gari, direbobin tasha, matan adashi, kwamitin iyaye da malamai, kowannensu na da ikon neman kasafin kuɗin ƙaramar hukumarsa da jerin ayyukan da aka biya.

Ni dai na riga na rubuta tawa, kwafi biyu, ina neman jerin kwangilolin rijiyoyi da kwalbatoci na mazaɓarmu na shekara biyu da sunayen kamfanonin da aka biya. Idan na je gida bayan Sallah zan miƙa ɗaya a rajista, in tsaya har a buga wa ɗayar hatimi da kwanan wata, in fara ƙirga kwana bakwai.