Nasiha ga masu bibiyar 'yan fim a waya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Akwai wata yarinya da ta tashi a unguwarmu a nan Sakkwato, ni na ɗora ta a kan izu na farko a Islamiyya, yanzu kuma ta fara yin suna a fina-finan Hausa, mabiyanta a Instagram da TikTok suna ta ƙaruwa. Da ta zo gida hutun Sallah na shiga gaida mahaifiyarta, na same ta zaune a bakin tabarma, tuwo ya huce a gabanta, tana ta jan allon waya da yatsa, idonta ya yi ja. Na ce mata, "Ɗiyata, lafiya?" Ta ce, "Malama, in na kwana biyu ban ɗora hoto ba sai su ce na fara girman kai, in na ɗora da hijabi su ce munafunci ne, in na yi kwalliya kuma su zagi Inna."

Tun daga ranar maganar take damuna, domin waɗanda suka hana ta barci su ne masu kiran kansu masoyanta. Suna so ta fito kai tsaye duk dare, ta amsa kowane saƙo, ta faɗa musu wanda za ta aura, ta kuma yi gaba da duk jarumar da suka ƙi, har su kwana suna zage-zage da mabiyan wata da sunanta alhali ba ta aike su ba.

'Yan'uwa, abin da yatsa ya rubuta magana ce, kuma Allah Ya ce a Suratu Ƙaf, aya ta 18, mutum ba ya furta wata magana face akwai mai tsaro halarce a wurinsa. Wanda ya rubuta a ƙarƙashin hoton ɗiyar wani cewa 'yar iska ce, ba tare da shaidu huɗu ba, ya sani cewa a Suratun Nur, aya ta 4, hukuncin ƙazafi bulala 80 ne, kuma sana'ar fim ba ta cire mace daga cikin waɗanda ayar take karewa ba. Wanda kuma ya ce shi bai rubuta komai ba, turawa kawai ya yi a zauren WhatsApp, ya karanta aya ta 19 ta wannan sura a kan masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai. Na ga yadda maƙwabta suke kai wa mahaifiyar nan waya har cikin ɗaki su karanta mata zagin, ita da ba ta iya boko ba, wai don ta san halin da ake ciki.

Ban ce a ga kuskure a yi shiru ba. Amma mu a garin nan mun gaji wata hanya ta gyara: Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, jajoji, wato malamai mata, ta riƙa turawa ƙauyuka su zauna da mata su karantar da su cikin mutunci. Mai son gyara da gaske yana iya tura saƙo a asirce, ko ya nemi wani babba da take jin nauyinsa.

Ita ma ban ƙyale ta ba. Na tuna mata wasiƙar da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta rubuta wa Mu'awiya, cewa wanda ya nemi yardar mutane da fushin Allah, Allah zai bar shi da mutanen. Na roƙe ta ta riƙa kashe waya bayan Isha'i don kada Asuba ta kuɓuce mata, ta kuma daina karanta kowane sharhi. Ta yi shiru, sannan ta kifa wayar a kan tabarma ta jawo kwanon tuwon. Bayan Sallah da kwana uku ta koma Kano, mahaifiyarta kuma ta roƙe ni in gaya wa matan unguwa su daina kawo mata waya.