Ba duk ƙwayoyin garkuwa ne ke yaƙar sankarar mama ba

Wani rahoto ya ce garkuwar jiki na hana ƙarin mama girma, amma rabin zancen ke nan. Wasu ƙwayoyin garkuwar, irin su makrofaj, ƙarin kan janye su su koma goyon bayansa: suna fitar da sinadarin VEGF da ke tsiro da sabbin jijiyoyin jini masu ciyar da shi, suna kuma danne ƙwayoyin garkuwa na T masu kashe ƙarin. Su kuwa faibrobilas, ƙwayoyin nama da ke kewaye da ƙarin, suna jibge furotin mai kama da zare da ake kira kolajin har naman ya yi tauri, magani da ƙwayoyin T su kasa kutsawa ciki. Don haka 'yar'uwa mai cewa a sha jiƙon ƙara garkuwa, wace garkuwar za a ƙara? Maganin garkuwa irin pembrolizumab ma ba na kowa ba ne. A nau'in sankarar da ba shi da ER, PR da HER2 (furotin ɗin da ake dubawa a ƙarin don zaɓen magani), wanda ya yawaita a matan Afirka ta Yamma, idan ya bazu sai makin gwajin furotin PD-L1 a naman ƙarin ya kai 10 ake ba da shi tare da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara. Ga inda ake ɓata aikin: naman da aka ciro don waɗannan gwaje-gwaje dole ya shiga fomalin, ruwan adana nama, mai ƙarfin kashi 10 cikin awa ɗaya, ya zauna awa 6 zuwa 72. In an makara, furotin ɗin ya lalace, sakamako ya fito da ƙarya. Asibitoci nawa ne ke rubuta wannan lokacin a takardar gwaji?