Shirun Baba ba abin gado ba ne

Ƙannena samarin Kano, musamman ku masu shirin ajiye iyali, ku ba ni aron hankalinku.

Mahaifinmu ɗan mazan jiya ne. Ya tafi yaƙin basasa yana saurayi, ya dawo a 1970, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa faɗa mana abin da idonsa ya gani ba. Abin da muka sani, in ya yi gyaran murya a soro kowa sai ya shiga taitayinsa, Inna ta rage rediyo. Cikin dare yakan farka a firgice, ya zauna tsakar gida har assalatu. Mu kuwa muka ɗauka haka namiji yake: ba fara'a, ba hira da mace, ba ɗaukar yaro.

Sai da na ga 'yata ta ji ƙarar babur ɗina ta ruga ɗaki, sannan jikina ya yi sanyi. Ni da ko bindiga ban taɓa riƙewa ba, a ina na samo wannan fuskar shanun? Ashe ciwon Baba na ɗauka na raɗa masa suna mazantaka. Allah ya jiƙansa, shi yana da uzuri. Ni fa?

Kada ku fake da alkunya. Ƙin kama sunan ɗan fari daban, gida ya zama bariki daban. Manzon Allah (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan, Aƙra'u ɗan Habis ya ce 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai Manzo ya ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Kuma da ya sauko daga kogon Hira yana makyarkyata, wurin Nana Khadija ya nufa ya ce a lulluɓe shi. Wa ya fi shi jarumta?

Yau ma gidajenmu akwai irin Baba: waɗanda suka dawo daga Borno, da waɗanda suka tsira daga harin bama-bamai na ranar 20 ga Janairun 2012 a Kano, ko na Masallacin Sarki a Nuwamban 2014. In yayanka ko mahaifinka ya daina barci, ƙarar ƙofa na razana shi, kar ka tsaya a "yi haƙuri, kai namiji ne". Zauna kusa da shi, ku yi addu'a, ka raka shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, akwai su a Dawanau da asibitin Malam Aminu Kano.

Kai kuma ango, in ka shiga gida ka yi sallama da sakin fuska, ka tambayi matarka yadda ta yini, ka tsaya ka ji amsar.