Na'ura ba za ta nuna wa Ba'amurke yadda Japan ke kallonsa ba

Tun da kamfanin Orange na Tokyo ya sanar a watan Mayun 2024 cewa ya tara yen biliyan 2.92 don ya riƙa juya manga, wato littattafan labarin zane na Japan, zuwa Turanci da ƙirƙirarriyar basira, wasu masu karatu a Amurka suke ta shewa kamar an yi musu bushara. Wai an kusa raba su da masu fassara, waɗanda suke zargi da cusa siyasarsu a bakin taurarin labari. Wai na'ura ba ta da ra'ayi, abin da Bajapane ya rubuta shi za ta kawo musu, ba ƙari ba ragi. Kamfanin ya ce burinsa littafi 500 a wata, kuma gidan buga littattafai na Shogakukan na cikin masu zuba kuɗin. Ƙungiyar Masu Fassara ta Japan ta fito a watan Yuni ta ce ba ta yarda ba, amma kafin shekarar ta ƙare Orange ya buɗe shagonsa na emaqi a intanet.

Wannan zance na "ba ƙari ba ragi" shi ne ke ba ni haushi, domin mai faɗinsa bai san yadda ake haɗa shafin manga ba. Kuma ba sai an je da nisa ba wajen ƙaryata shi. A ɗauki Ba'amurken da ke cikin labarin kansa, a ga abin da ya rage masa bayan an mai da shi Turanci.

Siffarsa dai tana isowa lafiya, tunda ba a fassara zane. Gashi ruwan zinari, shuɗin ido, dogon hanci, ƙirji kamar ƙofar gari, dariya da baki buɗe. A Hetalia, wanda Hidekaz Himaruya ya fara sakawa a shafinsa na intanet a 2006 kafin kamfanin Tokyopop ya fitar da shi da Turanci a 2010, Amurka saurayi ne mai tabarau da rigar matuƙan jirgin yaƙi, bakinsa cike da boga, kullum yana kiran kansa gwarzo, taswirar duniyarsa kuwa Amurka ce kaɗai a ciki. A Kengan Ashura, da ya fara fita a shafin Ura Sunday a 2012, Adam Dudley ƙato ne ɗan Texas mai ashar a kowace jimla, kuma kamfanin sayar da boga yake wakilta a fagen dambe. Duk wannan mai karatu a Chicago yana ganinsa daidai da mai karatu a Osaka.

Harshensa ne ba ya isowa, kuma a can rabin hoton yake. Japananci yana da nau'in rubutu uku da ake cakuɗawa: kanji, hiragana da katakana. Katakana na baƙin kalmomi ne. Idan marubuci ya so nuna cewa mai magana baƙo ne da harshensa bai nuna ba, sai ya rubuta kalmomin gida da katakana, idon mai karatu ya riƙa tuntuɓe a kansu kamar yadda kunne zai yi. Sai ya ja ƙarshen jimla, "desu" ya koma "deesu". Sai ya watsa "HAHAHA" da "Oh my God" da haruffan Turanci a tsakiyar Japananci, su tsaya ƙiri-ƙiri a shafin. Idan kuma baƙon yana magana da yarensa ne, galibi ana kwantar da rubutun daga hagu zuwa dama, alhali na sauran mutane yana saukowa daga sama zuwa ƙasa. Mai karatu ya gane wane ne baƙo tun kafin ya karanta kalma ɗaya.

Akwai wanda ya fi wannan zurfi. Masanin harshe Satoshi Kinsui ya yi bayani tun 2003 a kan yadda labaran Japan ke bai wa kowane irin mutum salon maganarsa, tsohon farfesa da nasa, 'yar masu kuɗi da nata, ko da ba wanda ke magana haka a titi. Masaniyar harshe Momoko Nakamura kuma ta nuna cewa fassarar fina-finai da littattafan Yamma ta haifar da wani Japananci na musamman da ake saka wa mazan Turawa, mai sakin jiki fiye da kima, mai buɗewa da "yaa" yana rufewa da "sa". Ba'amurken manga sau da yawa da wannan murya yake magana, muryar fim ɗin Hollywood da aka ɗora wa Japananci. Ba gwaranci ba ne, nahawunsa daidai yake, amma duk Bajapane da ya ji ya san ba ɗan gida ba ne.

To a ce wasan kwaikwayo ne na Hausa da aka saka Baturen mulki yana cewa "kai zo nan, ni gaya maka", ana ta dariya. A mai da wasan Turanci, a kai wa Turawa. Yanzu Baturen shi ne ya fi kowa iya magana a dandalin, abin dariyar ya mutu, kuma masu kallo ba za su taɓa sanin an yi musu ba'a ba. Abin da ke faruwa da Ba'amurken manga ke nan a kowane babi.

Mai fassara ɗan Adam ma ba ya iya ceto duka, amma ya san abin da ke zubewa, kuma yana da dabaru. Aikin yana tafiya ne kamar haka: a ba shi shafukan babi, ya rubuta fassara yana lamba kowane shafi, kowane gidan zane da kowace da'irar magana, edita ya duba, mai zuba rubutu ya goge Japanancin, ya shigar da Turancin, ya gyara kalmomin sauti da ke cikin zanen. A wannan tsakani ake yanke hukunci. Za a sa maganar Ba'amurke cikin alamar < > don a nuna da wani yare yake yi? Za a canja masa salon haruffa? Za a ba shi karin harshen Texas, ko a cika masa baki da kalmomin samarin California? Idan marubucin ya rubuta Turanci mai kuskure a bakin mutumin da aka ce haifaffen New York ne, a gyara ko a bari? In an gyara, an ɓoye yadda Bajapane ke jin Turanci. In an bari, Ba'amurken ya zama ba Ba'amurke ba. Kowace hanya aka bi an zaɓi wani abu an bar wani, kuma babu wadda za a kira tsantsar asali.

Na'ura ba ta tsere wa wannan zaɓi, tana yin sa ne a makance, kuma kusan kullum hanya ɗaya take bi: ta miƙar da komai. Manhajar da ke karanta rubutu daga hoto tana ɗauko kalmomi, ba ta ɗauko dalilin da ya sa aka kwantar da su. Jimlar da aka karkata da katakana tana fitowa Turanci sumul. Wurin da mutum biyu suka kasa fahimtar juna saboda bambancin yare, sai ga su duka suna Turanci mai kyau, ɗaya yana cewa bai gane ba, mai karatu ya rasa me ya hana shi ganewa. Ƙananan haruffan da ake ɗorawa a gefen kanji, waɗanda marubuta ke amfani da su don kalma ta ce abu ɗaya a rubuce, wani dabam a baki, ɗayansu ne zai tsira. Japananci yana yawan barin mai aikata aiki ba a ambata ba, sai an duba zanen ko an tuna babi goma baya a san "shi" ne ko "ita". Da'irar magana kuma doguwa ce siririya don an zana ta saboda rubutun tsaye, dole a taƙaita Turancin ya shiga, kuma abin da ake fara yankewa shi ne ɗanɗanon muryar.

Orange na cewa mutane suna duba abin da na'urar ta fitar. Sai dai mai dubawa yana kama kuskuren da ya yi ƙara ne. Jimlar da ta fito lafiya lau, ma'anarta daidai, muryarta kawai ta ɓace, ba ta ɗaga hannu ta ce a duba ni, balle ga wanda aka ɗora wa littafi 500 a wata.

Asarar ba ta tsaya ga barkwanci ba. Hoton Ba'amurke a manga cakuɗe yake da sha'awa, tsoro da tsohon ciwo, kuma tarihi ne ya dama shi: jiragen yaƙin Amurka ƙarƙashin Perry da suka iso a 1853 suka tilasta buɗe ƙasar, Hiroshima da Nagasaki a 1945, mamayar Amurka da ta kai 1952, tsibirin Okinawa da ba a mayar wa Japan ba sai 1972 kuma har yau yake ɗauke da kusan kashi 70 cikin 100 na filayen da sojojin Amurka ke amfani da su su kaɗai a Japan. Shi ya sa a My Hero Academia babban gwarzo Bajapane ne amma sunayen naushinsa Detroit da Texas, a Chainsaw Man kuma shugaban Amurka ya sadaukar da shekara ɗaya daga rayuwar kowane ɗan ƙasarsa don ya saki shaiɗanin bindiga. Ba'amurke ba kasafai yake samun damar zama baƙo a labarin wani ba, wanda ake kallo daga waje, maganarsa ke ba da dariya. Manga na ba shi wannan dama. Idan aka wanke harshen, abin da ya rage ƙato ne mai fara'a da tuta a kai, mai karatu ya ɗauka yabo ne, ya yanko hoton ya saka a shafinsa yana alfahari.

Masu cewa a goge irin wannan hoto baki ɗaya don wariya ce, suna kafa hujja da tallar kamfanin jirgin ANA mai dogon hancin roba da aka janye a 2014, sun manta talla daban, labari daban, kuma goge shi ba ya canja abin da marubucin ya zana. Masu cewa saurin na'ura ne kaɗai maganin satar fasaha su dubi shafin Manga Plus na gidan buga littattafai na Shueisha, da ke fitar da babi da Turanci rana ɗaya da Japan tun 2019. Su kuwa masu kukan siyasar masu fassara, babbar shaidarsu da suke ta juyawa layi ɗaya ne daga fassarar muryar wani anime (katun ɗin Japan) na 2017, ba ma manga ba. A kan wannan suke son a sallami sana'a guda.

Abin da ya kamata ba shi da wuya. A rubuta sunan mai fassara da mai zuba rubutu a shafin farko na kowane babi, in kuma na'ura ce ta yi aikin a faɗa a fili, mai saye ya san abin da ya biya. A dawo da shafin bayani na ƙarshen littafi, inda mai fassara zai ce wane ya yi magana da katakana da abin da aka yi da ita. Gidajen buga littattafan da suka zuba kuɗi a na'ura su fara tambayar marubutansu ko sun yarda a miƙar wa baƙinsu harshe.