Hanyar ƙafa a bakin tekun Ingila da burtalinmu na gida

Mutanen gida sukan tambaye ni abin da ya fi burge ni a Ingila, kuma na san suna jiran in ce jirgin ƙasa ko wutar lantarkin da ba a ɗaukewa. Ni kuwa amsata ita ce hanyar ƙafa, wato 'yar siririyar hanyar nan da ke ratsa gonar mai kuɗi, kuma doka ta hana shi toshe ta.

A kudancin ƙasar, a yankin Sussex, akwai hanyar da ta taso daga garin Seaford ta bi bakin teku har Eastbourne, tafiyar kilomita 21 ko sama da haka. Kan tsaunukan alli ne farare ƙal, waɗanda ake kira Seven Sisters, ka hau wannan ka gangara ka hau na gaba. Ranar da na bi ta ruwa ake yi tun safe, ba irin na damina mai zuwa da hadari da tsawa ya zuba ya ɗauke ba. Yayyafi ne mai naci, iska tana kwaso shi daga teku tana watsa maka a gefen fuska. Alli idan ya jiƙe santsi gare shi, ga taɓo yana manne wa takalmi har ƙafa ta yi nauyi. A bakin kogin Cuckmere babu gada, sai mutum ya yi zagaye ya shiga ciki zuwa Exceat kafin ya haye. Duk da haka hanyar ba ta rasa mutane ba. Na ga wata dattijuwa da sanduna biyu da rigar ruwa, ta tsaya ta riƙe mini ƙyauren wata makiyaya har na wuce, sannan ta mayar da sakatar don kada tumaki su fita. Tumakin na wani ne, filin na wani ne, amma ba wanda ya tambaye mu izinin wa muka shigo.

Ba kyauta aka ba talakan Ingila wannan ba. A 1932 ɗaruruwan ma'aikata suka hau tsaunin Kinder Scout da gangan, filin da masu ƙasa suka killace don farautar tsuntsaye, aka ɗaure mutum biyar. Daga baya aka yi dokar 1949 wadda ta sa ƙananan hukumomi su zana kowace hanyar ƙafa a taswira. Yau manomin da hanya ta ratsa gonarsa, in ya yi huɗa, kwana 14 gare shi ya gyara ta yadda za a bi. A 2009 kuma aka yi dokar buɗe hanya ta zagaye bakin tekun Ingila, har da tanadin cewa in teku ya cinye gaɓa, hanyar za ta ja baya ta shiga filin da ke kusa. Kuma tekun yana ci. A 1999 sai da aka ɗaga Belle Tout, tsohuwar hasumiyar haska wa jiragen ruwa da ke kan hanyar da na bi, ɗungurungum aka ja ta baya mita 17 don kada ta rufta. A Birling Gap, nan kusa da ita, da idona na ga sauran gidajen da suka rage a bakin gaɓa, 'yan uwansu an riga an rushe su.

Ba na cewa komai nasu daidai ne. Mafi yawan ƙasar Ingila har yanzu a rufe take ga wanda ba nasa ba, Scotland ta fi su sakin fuska tun dokarta ta 2003. Amma hanyar da aka rubuta ta rubutu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mu ma muna da wannan, tun kafin Bature ya zo. Duk wanda ya tashi a karkara ya san burtali: hanyar shanu tsakanin gonaki, an dasa aguwa ko bini-da-zugu hagu da dama, ta fita daga gari ta kai makiyaya da mashaya. Dagaci ya san iyakarta, mai unguwa ya sani, yaro ma ya sani. A ƙauyenmu burtalin da na sani ina yaro, garke guda yakan wuce a yalwace. Zuwana na baya, wannan ya ƙara kunya biyu daga gabas, wancan ya ƙara uku daga yamma, har ta kai amalanke ba ya wucewa. Wani wurin ma an shafe ta, an shuka gero a kai. Idan makiyayi ya iso da shanunsa ya tarar ba hanya, ina zai bi? Cikin shuka zai bi. Daga nan sai sanda, sai adda, sai gawa.

Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar filayen kiwo a 1965, aka ware wurare da dama, amma kaɗan ne aka tabbatar a hukumance, sauran aka yi ta yanka. Ban ce toshe burtali ne kaɗai ya haifar da abin da ke faruwa a dazukan Zamfara da Katsina ba. Akwai makamai, akwai rashin adalci a kotu da ofishin 'yan sanda, akwai yawan jama'a da ƙarancin ƙasar noma. Amma duk wanda ya ce burtali ba ya cikin tushen rigimar bai zauna a ƙauye ba.

Makwabtanmu na Nijar sun fi mu ƙoƙari a nan. Tun dokar karkara ta 1993 suka kafa kwamitocin filaye, kuma a wurare da yawa an kafa turakun siminti a gefen hanyoyin dabbobi, kowa yana gani. Ba sai mun je Sussex koyo ba, Maraɗi ta ishe mu.

Hanyar Bature ta shan iska ce, wanda ya bi ta zai ƙare a Beachy Head, tsauni mai tsayin mita 162, ya gangara Eastbourne ya sha shayi ya hau jirgi ya koma Landan. Tamu kuwa abincin mutane ne da rayukansu suka rataya a kanta. Ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai su tara dattawan da suka san iyakokin burtali, manoma da Fulani tare, a auna, a zana a takarda, a kafa turaku tun waɗannan dattawan suna raye.