Ku daina naɗa wa yaran nan rawani saboda bidiyon minti uku

'Yan'uwana matasa masu bin ƙwallon ƙafar Amurka, abin da na gani a zaurukanmu na WhatsApp da Facebook cikin kwana ukun zaɓen sabbin 'yan wasa na NFL, babbar gasar ƙwararru ta wannan wasa, wanda aka yi a Green Bay daga 24 zuwa 26 ga Afrilun 2025, ya ɓata mini rai ƙwarai. Wata da watanni kuna rantsuwa cewa Shedeur Sanders na jami'ar Colorado, wanda kwatabak ne, wato mai jifan ƙwallo da ke jagorantar hari, ba zai wuce mutum biyar na farko ba. Aka yi zagaye na ɗaya, Tennessee ta ɗauki Cam Ward a lamba ta 1, New York Giants ta ɗauki Jaxson Dart a ta 25. Aka yi na biyu, na uku, na huɗu, shiru. Sai a zagaye na biyar, lamba ta 144, Cleveland ta kira sunansa, bayan ita kanta ta riga ta ɗauki wani kwatabak ɗin, Dillon Gabriel, a lamba ta 94. Daga nan zagi ya ɓarke. Wasu na zagin ƙungiyoyi 32 gaba ɗaya da cewa makafi ne, wasu kuma, waɗanda jiya-jiya suke kiran yaron sarki, suka koma yi masa dariya. Na tambayi da yawa cikinku wasa nawa nasa kuka kalla daga farko har ƙarshe, amsar ba ta wuce guntayen bidiyo masu kiɗa a ƙarƙashi ba.

Wannan ɗabi'a ce nake so mu yi magana a kanta: yanke hukunci a kan matashi da guntun bidiyon da aka tsince mafi kyawun jifansa aka harhaɗa. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Wanda ya haɗa bidiyon nan ba zai nuna maka lokacin da yaron ya riƙe ƙwallo daƙiƙa huɗu yana neman wanda zai jefa wa har aka tumurmusa shi ba. Shedeur ya kammala kusan kashi 74 cikin ɗari na jifansa a 2024, wannan gaskiya ne, kuma abin yabo ne. Amma a shekara biyun da ya yi a Colorado an kayar da shi da ƙwallo a hannu fiye da sau 90. Wani kaso laifin masu kare shi ne, wani kaso nasa ne na riƙe ƙwallo da ja da baya. Rabe waɗannan biyun shi ne aikin masu tantance 'yan wasa, kuma ba a yin sa sai an zauna an kalli kowane faɗuwa ɗaya bayan ɗaya.

Ku fahimci cewa wasan jami'a da na ƙwararru a suna kawai suke ɗaya, filin ma ba a tsara shi iri ɗaya ba. Layukan tsakiya da ake ajiye ƙwallo a kansu, a jami'a tazararsu ƙafa 40 ce, a NFL kuwa ƙafa 18 da inci 6. Ma'ana a jami'a idan ƙwallo na kan layi ɗaya, ɗaya gefen filin yana da faɗi sosai, masu tsaro dole su nuna inda suka karkata tun kafin a fara, mai jifa ya karance su cikin sauƙi. A NFL ƙwallo kusan kullum tana tsakiya, masu tsaro su tsaya kamar za su yi abu kaza, ana taɓa ƙwallo su juye zuwa wani tsarin daban. A jami'a mai cafe ƙwallo ƙafa ɗaya kawai yake buƙatar sawa cikin fili, a NFL sai biyu, don haka jifan bakin layi da ya zama abin tafi a bidiyo, a can banza ne. A jami'a 'yan layin gaba suna iya kutsawa yadi uku gaba kafin a yi jifa, a NFL yadi ɗaya, kuma wannan kaɗai ya rage ƙarfin dabarar nan ta ko a miƙa ko a jefa wadda yara da yawa suka tara alƙalumansu da ita. Uwa uba, mai cafe ƙwallon da a jami'a yake ba mai tsaronsa ratar yadi biyar, a NFL ratar taku ɗaya ce, kuma dole ka saki ƙwallo kafin ya juyo, cikin kamar daƙiƙa biyu da rabi. Wane bidiyon minti uku ne zai gaya maka ko yaro zai iya wannan?

Tarihi cike yake da darasi, amma ba ma karatu. A 1998 gardamar duniya ita ce tsakanin Peyton Manning da Ryan Leaf wa ya fi. Indianapolis ta ɗauki Manning, San Diego ta ɗauki Leaf a lamba ta 2. Leaf ya bar wasa da jifan ci 14, wato jifan da ya kai ga cin maki, waɗanda abokan hamayya suka cafke kuma 36. A 2007 Oakland ta ɗauki JaMarcus Russell na jami'ar LSU a lamba ta 1 saboda ƙarfin damtse, aka ba shi kwangilar fiye da dala miliyan 60, a 2010 aka sallame shi bayan ya ci wasa 7 ya sha kashi a 18. Johnny Manziel ya lashe kambin Heisman na gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 2012, babu wanda bidiyonsa ya kai nasa daɗin kallo, Cleveland ta ɗauke shi a lamba ta 22 a 2014, kaka biyu kacal ya yi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Na baya-bayan nan ma ya ishe mu. A 2021 kwatabak biyar aka ɗauka cikin mutum 15 na farko: Trevor Lawrence, Zach Wilson, Trey Lance, Justin Fields, Mac Jones. Kafin a fara kakar 2024, huɗu daga ciki sun bar ƙungiyoyin da suka zaɓe su. Kun tuna jifa ɗayan nan da Wilson ya yi a ranar gwajinsa, yana gudu hagu ya cilla ta dama, cikin gajeren wando, babu kwalkwali, babu mai bin sa? Jifan nan ya zagaye duniya, kuma bai hana komai lalacewa a New York ba. Labarin Lance ya fi ciwo. Wasa 17 kawai ya fara a matsayin kwatabak na farko a North Dakota State, a rukunin jami'o'i na ƙasa da manya. San Francisco ta sadaukar da zaɓenta na zagayen farko na shekara uku domin ta same shi a lamba ta 3. Wasa huɗu ya fara mata, ya karye a idon sawu, aka miƙa shi Dallas a kan zaɓen zagaye na huɗu. Wanda ya gaje kujerar shi ne Brock Purdy, mutum na 262, na ƙarshe a zaɓen 2022, wanda ya shafe shekara huɗu yana jan ragamar Iowa State, kuma ya kai ƙungiyar wasan ƙarshe na Super Bowl a Fabrairun 2024. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Shahararren kwatabak Tom Brady kuwa kowa ya san shi ne na 199 a 2000.

Kada wani ya kawo mini Josh Allen. Na sani, kashi 56 cikin ɗari ya kammala a Wyoming, kuma ya zama gwarzon ɗan wasan NFL na 2024. Amma Buffalo ta yi haƙuri da shi kaka biyu yana tuntuɓe, ta kawo masa Stefon Diggs a 2020, shi kuma ya sake gyara tsayuwar ƙafarsa da yadda yake sakin ƙwallo. Saboda shi ne ƙungiyoyi suka riƙa caca da masu ƙarfin jiki marasa gogewa, har Indianapolis ta ɗauki Anthony Richardson a lamba ta 4 a 2023 da wasa 13 kacal da ya fara a Florida.

Tunda na ambaci caca, bari in faɗa. Wasunku ba son wasan ne ya sa suke wannan hayaniya ba, kuɗi suka zuba a kan lambar da za a ɗauki yaro. Haramun ne, kuma asara ce, kuma ita ce take sa mutum ya zagi uwar wanda bai taɓa gani ba saboda naira dubu biyu. Ga kuma raba dare. Zagayen farko ƙarfe ɗaya na dare yake farawa a agogon Najeriya da Nijar, mutum ya zauna har kusan asuba yana musu a waya, a kira salla yana minshari. Ƙannena, wane Cam Ward ne zai tsaya muku ranar hisabi?

Idan da gaske kuna son sanin yaro, ku samu cikakken wasansa da ƙungiya mafi ƙarfi da ya fuskanta, musamman wanda aka ci su. Ku dubi ƙafafunsa lokacin da garkuwarsa ta fara rushewa: yana taku ɗaya gaba ya jefa, ko yana juya baya ya ruga? Ku dubi kansa: idan na farkon da ya nufa a rufe yake, yana komawa kan na biyu da na uku, ko ido yake kafe wa mutum ɗaya har mai tsaro ya gane? Ku dubi yunƙuri na uku cikin huɗun da ake ba ƙungiya ta ci yadi goma, da saura yadi takwas, lokacin da kowa a filin ya san jifa za a yi. Ku ƙirga wasannin da ya fara, domin Jayden Daniels da Bo Nix, da suka yi fice a shekararsu ta farko a 2024, kowannensu ya fara fiye da wasa 50 a jami'a. Sannan ku dubi gidan da ya faɗa. David Carr na 1 ne a 2002, sabuwar ƙungiyar Houston ta bari aka kayar da shi sau 76 a kaka ɗaya, bai sake dawowa daidai ba. Caleb Williams ya sha 68 a Chicago a 2024, aka kuma kori kocinsa ana tsakiyar kaka.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne haƙuri ya ƙare a ko'ina. Aaron Rodgers shekara uku ya zauna a benci bayan Brett Favre. Patrick Mahomes wasa ɗaya ya buga a 2017 yana koyo a bayan Alex Smith, shekara ta gaba ya yi jifan ci 50. Shi kansa Peyton Manning an cafke masa jifa 28 a shekararsa ta farko, ƙungiyarsa ta ci wasa 3 ta faɗi 13, kuma ba a yar da shi ba. Yau da tuni kun binne shi tun watan Oktoba. Tun da yarjejeniyar 2011 tsakanin NFL da ƙungiyar 'yan wasa ta karya farashin sabbin 'yan wasa, daga dala miliyan 78 da aka ba Sam Bradford a 2010 zuwa kusan miliyan 22 na Cam Newton, ƙungiyoyi suke gaggawar tura yaro fili domin su ci moriyarsa yana da araha, in bai yi ba a jefar a ɗauko wani. Arizona ta ɗauki Josh Rosen a lamba ta 10 a 2018, bayan shekara ɗaya ta rabu da shi. Mu ma masu kallo mun ɗauki halin. Da can mai son wasa yakan zauna ya kalli awa uku cur, ya san sunan masu kare mai jifa, in bai ga abu da idonsa ba ya yi shiru, in babba na magana ya saurara. Iyayenmu sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Mu kuwa mako ɗaya ba ma iya jira.

Ga shi ko tawadar zaɓen 2025 ba ta bushe ba, kuka fara yaɗa hotunan Arch Manning na Texas da rubutun lamba ta 1 a kansa, saboda kakansa tsohon kwatabak Archie Manning ne, baffanninsa Peyton da Eli. Yaron nan wasa biyu kacal ya fara a jami'a zuwa wancan lokacin, ɗaya da Louisiana-Monroe, ɗaya da Mississippi State. Don Allah ku riƙa barin yaro ya buga kaka guda tukuna.