Pisto ɗaya da maganar da wani tsoho ya gaya min a Liyon

Jama'a yau sati biyu kenan wata magana tana cina a rai, na ce bari dai in rubuta ko na samu sauƙi. A ƙasan benen da nake haya nan Liyon ta Faransa akwai jerin gareji, kowa da nasa, to akwai wani tsohon bature da ya yi ritaya, duk Asabar yana ciki yana fama da wata tsohuwar moto Yamaha DT 125 ta shekarun 1970, irin mai ƙona mai tare da isansi, mai hayaƙin nan shuɗi da duk ɗan Damagaram ya san warinsa. Tun ina gaida shi daga bakin ƙofa har ya fara ce min in shigo.

Ku ji yadda garejin yake. Ƙasa an shafe ta da fenti, ko ɗigon mai babu. Kowane kile yana rataye a bango kuma an zana siffarsa a wurin, in ka ɗauke ɗaya nan take za a gane wanda babu. Ƙusoshi kowanne cikin ƴar leda da rubutu a jiki, ga hita saboda sanyi, ga littafin kamfani a buɗe. Rannan na tarar ya shimfiɗa farin ƙyalle ya jera pisto uku, wanda ƴan Kano ke ce ma fistin, yana ta juya su kamar mai zaɓen zoben aure.

Ya yi min bayani kuma wallahi na ƙaru, ba zan ɓoye ba. Asalin faɗin silandar DT ɗin milimita 56 ne, amma ta ci ta yi zane-zane, ya auna ta da wani abin awo mai agogo, sama da tsakiya da ƙasa, ta tsaye da ta kwance, ya ga ta daina zama da'ira. Dole a rarake ta a sa pisto mafi girma, su kuma hawa-hawa suke, 0.25 da 0.50 da 0.75 sai 1.00, daga nan yawanci an zo ƙarshe, shi ya sa ba ka tsallake hawa in ƙarami zai share zanen. Kuma pisto ake fara saya a kai ma mai rarakar, shi ya yanka silandar daidai da shi. Tsakanin pisto da bango kusan milimita 0.05 ake bari, bai kai kaurin gashin kai ba. Sai batun iri, akwai wanda ake narka alminiyon a zuba a tsari kamar na asalin kamfani, akwai wanda ake matse ƙarfen da ƙarfi irin na Wiseco ta Amurka ko Wössner ta Jamus, wannan ya fi juriya amma ya fi kumbura in ya ji zafi, sai an bar masa fili kuma sai ka bar inji ya ɗumama kafin ka murɗa, in ba haka ba ya cije tun da sanyinsa. Ɗaya ya kai ero 100, wato jika 65 da ɗoriya. Shi dai na zubi ya zaɓa don ba tsere zai yi ba.

Daɗi ya ɗebe ni na fara ba shi labarin yadda mai gyaran babanmu yake yi a gida. Ban gama ba ya girgiza kai ya ce shi ya sa injinanku ba sa daɗewa, wannan ba gyara ba ne lalube ne. Ya faɗa ne yana murmushi, ya koma kan aikinsa. Ni kuwa na hau sama ko abinci ban iya ci ba.

Gaskiya ɗaya ce, muna da namu laifin. Kwali a rubuce Japan, abin ciki bai taɓa ganin Japan ba. Ƴar ƙusar nan da ke riƙe sagma, wato zoben da ke zagaye da pisto, kar ya juya, a pisto na bogi sai ta fice, bakin sagma ya faɗa ramin fitar hayaƙi ya karye ya kwashe silanda gaba ɗaya. Ƴar wayar da ke tare aks, wato sandar ƙarfen da ke ratsa pisto, ita ma a maida tsohuwa don an ga da sauranta. Duk na sani.

Amma lalube? Na tsuguna gaban dattijon nan mai gyaran babanmu a gindin bedi tun ina firamare, na ga yana shafa ma pisto mai ya sake shi cikin silanda ya zuba ido ya ga yadda yake sauka da nauyin kansa, in ya faɗa fuu ya ce ya yi sako-sako, in ya tsaya ya ce a mayar ma mai shago. Ya sa sagma shi kaɗai a ciki ya ɗaga sama yana duba tsagar da hasken rana, ya goga da zarto kaɗan ya sake dubawa. Bai taɓa juya kibiyar da ke kan pisto ba, ya san gefen salansa take kallo. In ya gama ya ce Alhaji sati biyu kar ka ɗau kowa, kar ka murɗa, ka ƙara mai a tanki. Abin da littafin bature ya rubuta kenan, shi a yatsunsa yake. Kuma wace moto ake magana? Ta tsohon nan Lahadi goma za ta fita a shekara, in rana ta fito, kan kwalta mai santsi kamar faranti, ta koma a rufe ta da bargo. Tamu ta sha ƙurar hunturu, ta sha zafin watan Afirilu sama da digiri 40, isansin kwalba, buhun hatsi a baya da mutum a kan buhun, Mirya da dawowa, ranar Alhamis ta yi sawu uku a kasuwar Dole. A kawo DT ɗinsa ta yi wata ɗaya a haka mu ga awonsa.

Yamaha 100 ce ta babanmu, Allah ya jiƙansa. Ita ta kai ni lakwal, ni a kan tanki ina riƙe da madubi, ita ta kai innarmu asibiti daren da aka haifi autanmu. Shekara ashirin da wani abu tana aiki a hannun mutumin da aka ce lalube yake. Tun da motocin Sin masu bugu huɗu, waɗanda ba sa ƙona mai tare da isansi, suka cika gari ƴan kabu-kabu suka koma kansu, kayan irin tata suka yi wuya, yaran gareji na yanzu ma wasu ba su taɓa buɗe irin injin ba. Tana nan a zaure an jingine ta, tayu sun kwanta. Watan jiya ƙanena ya kira ya ce Yaya masu sayen ƙarfe sun taya, tana cin wuri, ni kuma na ce masa zan yi tunani, kuma da gaske har na fara saukowa.

Daren da tsohon ya gaya min maganar na kira ƙanen nawa na ce ko ƙusa ɗaya kar a taɓa. Na sa ya nemo dattijon, ashe yana nan, ido ne ya yi rauni sai ɗansa ke riƙe da wurin. Suka zo tare suka kwance kan injin, suka goge baƙin da ke saman pisto, ƙanena ya turo min hoto ta WhatsApp. An buga 0.75. Asalinta 52 ne, saura hawa ɗaya kenan, na 53. Dattijon ya karɓi wayar ya ce ɗana in za ka aiko ka aiko na ƙwarai, da sagma da sabbin wayoyin aks, wannan shi ne na ƙarshe da za ta ɗauka.

Duk unguwar nan mutum ɗaya na sani da zai iya nuna min inda ake samun na ƙwarai, yana ƙasan benenmu. Asabar biyu ina jin rediyonsa in na zo wucewa, har yanzu ban ƙwanƙwasa ba.